Gashin Ciwon Daji da Lafiyar Fata



An nemi mu yi magana a kan abin da ke samun fatar mai ciwon daji sa'ad da ake yi masa maganin nan da mutanenmu ke kira gashi, da kuma hanyoyin da za a bi a kare ta. Wani zai ce ai wannan zancen likitoci ne, me ya kawo shi zauren ɗalibai? Dalili kuwa shi ne, a mafi yawan gidajenmu, in ciwo ya kai ga tafiya babban asibiti, ɗan boko ake turawa ya raka mara lafiya. Shi ke riƙe kati, shi ke sauraron likita, shi ke fassara wa gwaggo ko kawu abin da aka ce. Bisa ga lissafin masana, kimanin rabin masu ciwon daji za su bukaci gashi a wani mataki na jinyarsu, kuma cikin waɗanda aka yi wa, wajen tara cikin goma fatarsu za ta nuna alama, ƙarama ko babba. Saboda haka da wuya a ce babu wanda wannan aiki zai faɗo wa cikin waɗanda ke zaune a nan.

Mu fara da sunan kansa, gama ya tsorata mutane da yawa. In an ce gashi, abin da ke zuwa zuciya shi ne garwashi da tsire. Alhali kuwa babu wuta a ciki, babu zafi. Mara lafiya yakan kwanta a kan gado, na'ura ta zagaya shi na 'yan mintoci, ya tashi bai ji kome ba, kamar wanda aka ɗauka hoton ƙashi. Abin da na'urar ke aikawa haske ne mai ratsa jiki, wanda ido ba ya gani, aikinsa kuwa shi ne ya lalata ikon da ƙwayoyin halitta ke da shi na rabuwa su hayayyafa. Ƙwayoyin ciwon daji ba su iya gyara irin wannan ɓarna kamar yadda lafiyayyu ke yi, shi ya sa suke mutuwa. Sai dai duk inda ciwon ya ɓuya, hasken ba shi da ƙofar shiga sai ta fata.

Ita kuwa fata, kullum cikin sabuntawa take. A can ƙarƙashinta akwai wani shimfiɗi na ƙwayoyin da ke haifar sababbi, su kuma su yi ta hawowa sama har su bushe su kaɗe, tafiyar da ke ɗaukar kamar mako huɗu. Hasken gashi yakan rage haihuwar da ake yi a ƙasa, amma kaɗewar da ake yi a sama ba ta tsayawa. Watau ya zama rumbun da ake ɗiba ba a zubawa: ranar farko ba a ganin giɓi, sai an kwana biyu. Shi ya sa a mako biyun farko mara lafiya kan ce ai shi bai ga kome ba. Daga nan sai ƙaiƙayi da bushewa, wurin ya canja launi. Wajen mako na huɗu ko na biyar fata ta soma saɓa. A wasu mutane abin ya tsaya nan. A wasu kuwa sai ta saluɓe, naman ƙasa ya bayyana yana tsattsafo da ruwa, ga raɗaɗi mai hana barci. Wannan mataki na ƙarshe shi ake gudu, kuma ya fi aukuwa inda fata ke gugar fata: ƙarƙashin mama, hammata, matsematsi, da lanƙwasar wuya. Ƙiba, shan taba, ciwon sukari, rashin abinci mai gina jiki, da haɗa gashi da ruwan kemo duk suna ƙara masa ƙarfi.

Tarihin wannan magani, in an duba, rabinsa tarihin fata ne. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, kuma ba a yi shekara ba likitoci suka fara ba da labarin ƙunar hannu da zubewar gashin kai. A 1901 Henri Becquerel na Faransa ya sa ɗan kwalbar radiyam a aljihun rigarsa na 'yan sa'o'i, sai bayan kwanaki fatar cikinsa ta yi miki daidai wurin aljihun. Clarence Dally, ma'aikacin Thomas Edison a Amurka, wanda ya riƙa gwada na'urar a hannuwansa, sai da aka yanke su duka biyu kafin ya mutu a 1904. A waɗannan shekaru ma fatar ce ma'auni. Likita kan ba da haske har sai wurin ya yi ja, a ce an kai awo ɗaya. Ku riƙe wannan magana ta ja, za mu komo kanta.

Wanda ya buɗe hanyar tsira, abin mamaki, rago ne. A shekarun 1920, a birnin Paris, Claudius Regaud ya so ya hana raguna haihuwa ta hanyar haska marainansu. Ya ga cewa in ya ba da hasken gaba ɗaya a zama guda, ba ya samun biyan bukata sai fatar marainan ta lalace. Da ya rarraba shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, sai ragon ya daina haihuwa, fatar kuwa ta tsira. Abokin aikinsa Henri Coutard ya ɗauki wannan dabara ya yi wa masu ciwon daji na maƙogwaro, zuwa 1934 duniya ta karɓe ta. Wannan shi ne asalin abin da ke gundurar mutanenmu, su ce don me za a ce su yi ta zuwa kullum, Litinin zuwa Juma'a, har mako biyar ko bakwai, maimakon a yi musu sau ɗaya su koma gida. Tazarar da ke tsakanin yau da gobe ita ce lokacin da lafiyayyar fata ke gyara kanta. Daga baya aka sami na'urar kobal a Kanada a 1951, da wadda ake kira linak a Landan a 1953. Su haskensu bai kai ƙarshen ƙarfinsa sai ya wuce saman fata, da rabin santimita a kobal, da kamar santimita ɗaya da rabi a linak ɗin da aka fi amfani da shi. Da zuwansu munanan ƙunar zamanin da suka ragu ƙwarai.

Akwai abin da ke hannun likita, ba za mu daɗe a kansa ba. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira gire. A da, mai ciwon dajin mama kan sami gire 50 cikin zama 25. Binciken da aka yi a Ingila, wanda aka bayyana a 2008, ya nuna gire 40 cikin zama 15 na yin aiki daidai da wancan, kuma fata ta fi samun sauƙi. A 2020 aka nuna cewa wasu matan ma zama 5 cikin mako guda ya ishe su. Har wa yau, a Kanada a 2008, an gwada tsarin da kwamfuta ke daidaita ƙarfin hasken don kada ya taru a wuri guda, saluɓewar fata ta sauko daga kashi 48 cikin 100 zuwa kashi 31. Ba laifi ba ne mai jinya ya tambayi likita, cikin ladabi, ko mara lafiyarsa na cikin waɗanda gajeren tsari ya dace da su. A sani kuma, matar da aka cire wa mama gaba ɗaya, sau da yawa da gangan ake shimfiɗa mata wani abu mai kama da roba a ƙirji domin hasken ya kama fatar sosai, gama a nan ciwon ya kan sake tsirowa. Tun da yake yawancin matanmu ba su isa asibiti sai ciwo ya yi nisa, da yawansu a wannan rukuni suke, su ne kuwa suka fi bukatar kulawar da za mu faɗa yanzu.

Sauran aikin duk a gida yake, kuma farkonsa wanka ne. Shekaru da dama ana gaya wa marasa lafiya kada su bari ruwa ya taɓa wurin har a gama. Ku dubi wannan doka a garin da bazara ke kai zafi awo 40, ga mutumin da ke alwala sau biyar a yini, ga wankan ibada. Dokar ba ta da tushe. An gwada ta a Ingila a 1992, aka sake gwadawa a Kanada a 2001 da mata 99: cikin waɗanda aka hana wanka, kashi 33 cikin 100 fatarsu ta saluɓe, cikin masu wanka da ruwa da sabulu kuwa kashi 14 ne kawai. Duk da haka har gobe za ka ji wata tsohuwa a unguwa, wani lokaci ma wani ma'aikacin asibiti da ya yi karatu tun da daɗewa, yana maimaita tsohuwar dokar. A yi wanka, a yi alwala.

Amma fa wankan da ake nufi ba irin namu ba ne. Mu mutane ne masu son soso, ba mu yarda mun fita ba sai mun dirje jiki ya yi ƙara. Wannan wuri ba ya son soso ko kaɗan. Tafin hannu ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da sabulu mai laushi marar turare. Sabulun salo da sabulun wanki suna da kaifi, a ajiye su. In an gama a ɗan danna tawul mai laushi a tsane ruwan, kada a goga, a kuma tabbata lungunan nan sun bushe. Alamun da ma'aikatan na'ura suka zana a jiki da tawada, su ne ke nuna musu inda za su saita hasken, kada a kankare su. Dilka da halawa da kurkur, da duk wani gyaran jiki na mata, su dakata a wannan wuri. Namijin da ake yi wa gashi a wuya ko muƙamuƙi ya yi sallama da askar wanzami da reza na ɗan lokaci, in ya zama dole ya rage gemu da almakashi ko injin aski.

Sa'an nan tufafi, wanda littattafan Turai ba su san irin namu ba. Su dai sukan ce a sa sutura mai laushi, sakakkiya, ta auduga. Mu sai mu fassara wannan da kanmu. Matar da ake yi wa gashi a ƙirji, ɗaurin ƙirji yana bi ta kan wurin daidai, haka ma majanyin goyo, wanda ke ɗauke da nauyin yaro yana guga yini guda. Lalle ne a sami wadda za ta karɓi goyon har a warke, kuma wannan shawara ce da dangi za su yanke tun kafin a fara, ba a fafe gora ranar tafiya. Rigar mama mai ƙarfe ko matsattsiya a bar ta. Namiji kuwa, shaddar da ta sha sitaci da wuyan riga mai aiki suna cin wuya kamar zarto. Tsohuwar riga da ta sha wanki ta yi laushi ta fi sabuwa amfani a nan. A rufe wurin daga rana, kada a ɗora masa ƙanƙara ko tsumman ruwan zafi, kada kuma a manna filasta a kansa, don ɓamɓare ta kan taho da fata.

Mun zo kan abin shafawa, inda kowa likita ne. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin: wannan ya kawo man zafi, wancan garin sassaƙe, wata hoda, wata turare, wani ya ce a fasa kafso a barbaɗa. Ba mugunta ke kawo su ba, ƙauna ce, shi ya sa hana su ke da wuya, kuma shi ya sa ake bukatar mai jinya mai iya cewa a'a da fara'a. Abin da ake so mai ne marar turare, a shafa siriri sau biyu a rana tun daga ranar farko, musamman a hunturu da fata ke yin furu-furu tun ba a taɓa ta ba. Ko wane iri ne aka yi niyya, ko da man kaɗanya ne, a kai wa nas ta gani tukuna. Ba kuwa kayanmu na gargajiya kaɗai ke faɗuwa jarrabawa ba. Alobera, wadda ake ta yayatawa a kasuwa, an gwada ta a Amurka tun 1996 ba a ga ta hana kome ba.

Abin da ya ci jarrabawa kaɗan ne. A 2023 ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana kula da wahalhalun jinyar ciwon daji, wadda ake kira MASCC, ta tace ɗaruruwan bincike, ta tsayar da 'yan abubuwa. Akwai man sitiroid iri biyu, mometason da betametason, masu kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. A wani gwaji a Niyu Yok a 2018, cikin matan da aka cire wa mama, mometason ya rage saluɓewa daga kashi 67 cikin 100 zuwa 44, kuma ba shi da tsada. Akwai man zaitun, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu. Akwai kuma wata siririyar fatar silikon mai suna Mepitel Film da ake mannawa tun daga farko ta hana guga. A Toronto, cikin mata 376, ta rage mummunar illa daga kashi 46 cikin 100 zuwa 16, sai dai tana da tsada, kuma gumi kan ɓamɓare ta. A shekarar 2023 ɗin dai wani asibiti a Niyu Yok ya bi ta wata hanya dabam. Sun lura cewa ƙwayar cutar sitafilokokus, wadda ke zaune a hancin mutane da yawa ba tare da ta dame su ba, tana da hannu a tsanantar ƙunar. Suka ba rabin marasa lafiyarsu ruwan wanka na kulohekzidin da man mupirosin na hanci. A cikinsu ba wanda fatarsa ta saluɓe, a ɗaya rabin kuwa kusan kashi 24 cikin 100. Gwajin ƙarami ne, mutum 77, amma magungunan masu araha ne, kuma baƙaƙen fata na da yawa cikin waɗanda aka gwada.

A nan sai mu ja kunne. Jin an ce sitiroid kada ya sa wani ya zarce kemis. Likitan gashi ne zai rubuta, shi zai faɗi ranar farawa da ranar dainawa, kuma ba a shafa shi a fatar da ta riga ta buɗe. Mayukan bilicin da suka cika kasuwanninmu, da yawansu cike suke da sitiroid mai ƙarfi, kuma shekarun shafa su kan sa fata ta yi siriri. Wadda ta san tana shafawa ta gaya wa likita tun ranar farko. Kunyar minti ɗaya ce.

To, mu komo kan maganar ja. Ma'aunan da asibitocin duniya ke amfani da su wajen kimanta wannan illa, matakinsu na farko da na biyu a kan jan fata aka gina su, domin a jikin Turawa aka tsara su. Baƙar fata kuwa ba ta yin ja yadda ido zai kama. Takan ƙara duhu, ko ta yi toka-toka, ko ta yi sheƙi, ta ɗauki ɗumi, ta ɗaure. Ma'aikacin da aka koya wa neman ja zai duba ya rubuta cewa babu kome, alhali mai fatar ta kwana uku ba ta runtsa ba. A jihar Mishigan ta Amurka an kwatanta abin da mata kusan 10,000 suka faɗa da bakinsu da abin da likitocinsu suka rubuta, aka bayyana sakamakon a 2022. Cikin waɗanda ke fama da ciwo ko ƙaiƙayi ko kumburi ko gajiya mai tsanani, fiye da rabi likita bai lura da aƙalla ɗaya daga cikin damuwarsu ba, kuma abin ya fi yawa ga baƙaƙen mata. In haka ta faru inda likita ke da lokaci, ina ga inda layi ya kai bakin ƙofa? Daɗa ga al'adarmu ta kunya da dauriya. An koya wa mace cewa raki abin kunya ne, ga wurin kuma ba wanda take son buɗewa gaban namiji ba ne. Likita ya ce yaya jiki, ta ce da sauƙi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wurinmu, abin da mara lafiya ke ji shi ne ma'auni na farko, kuma aikin mai jinya ne ya fito da shi fili. Kowace safiya a duba wurin a hasken rana, a kwatanta shi da ɗaya gefen da ba a haskawa, a taɓa da bayan hannu mai tsabta a ji ɗumi, a ɗaga lungunan a gani. 'Ya mace ta duba uwarta, ƙanwa ta duba yayarta. A rubuta ranar da ƙaiƙayi ya fara, da ranar da barci ya gagara, a karanta wa nas kafin a hau na'ura. In fata ta buɗe, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a rufe da irin bandejin da ba ya mannewa, kada a sa auduga ko sifirit. Mugunya, wari, ko zazzaɓi kuwa, ba a kwana da su.

Abin da ya sa muka tsananta haka ya wuce raɗaɗi. Na'urorin gashi kaɗan ne a ƙasashenmu. Mutum kan taso daga ƙauye ya nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ko Yamai, wadda ba ta sami tata cibiyar ba sai 2021, ya sayar da gona ko shanu, ya zauna gidan wani ɗan'uwa. In fata ta saluɓe a mako na huɗu, ga kuɗi sun ƙare, sai dangi su taru su ce a dawo gida a huta, in ta warke a koma. Ciwon daji kuwa ba ya hutu. A ciwon wuya da maƙogwaro, kowace rana da aka ƙara a kan wa'adi tana rage damar shawo kansa da kimanin kashi ɗaya cikin 100. A ciwon bakin mahaifa ana so a kammala kome cikin mako takwas. Fata takan warke cikin 'yan makonni, ciwon da ya dawo kuwa sau da yawa ba a iya sake haska wurin. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Likita ne kaɗai zai ce a dakata.

Ku kuma gaya wa mutanen gida cewa wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya tafiya da hasken a jikinsa. A ci abinci kwano ɗaya da shi, a kwana ɗaki ɗaya, jikoki su hau cinyarsa. Duhun da wurin ya yi kan ɗauki watanni kafin ya washe, kada a bi shi da man bilicin. Fatar wurin za ta zauna mai rauni har iyakar rai, saboda haka ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya a kanta, kuma duk likitan da zai yi aiki a nan gaba a sanar da shi.

Saura abu guda, wanda jinkirin nan na rumbu ke haifarwa. Illar ba ta kai ƙarshen tsananinta sai mako ɗaya zuwa biyu bayan zama na ƙarshe, watau daidai lokacin da mara lafiya ya koma garinsu, nesa da masu na'ura, inda za a ce ai ga shi sun ƙona ta sun sallamo. Don haka ranar sallama, kafin a nufi tasha, mai jinya ya karɓi bandeji da man da zai isa mako uku, ya rubuta lambar wayar sashen gashi da ranar komawa, ya kuma nemi takardar da za a nuna wa ma'aikacin asibitin garinsu, mai bayyana inda aka haska, da yawan hasken, da abin da ba a so a shafa.